Maɓallin Magana a Rediyon Jirgi

Yau zan taɓo abin da ke sa ƙananan jirage su kusa yin karo a sama. Ni dai rediyo nake fara zargi. Matuƙa da jami'in hasumiya layi ɗaya suke magana a kai, kuma muddin ka danne maɓallin magana, to fa ba ka jin kowa.

Ku duba abin da ya faru a Washington, Amurka, ranar 29 ga Janairu 2025. Jami'in ya umarci helikwaftan soja ya bi ta bayan wani jirgin fasinja. Daidai lokacin aka danna maɓallin a helikwaftan, ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba, sai kalmomin "bi ta baya" suka salwanta. Akwai wasu dalilan, tabbas. Amma ranar ba a kauce ba, mutum 67 suka rasu.