Sanyaya kwamfutar tebur da ruwa

Sanyaya kwamfuta da ruwa wata hanya ce ta kwashe zafin da sassan kwamfuta ke fitarwa, musamman furosesa da katin hoto, ta hanyar zagaya ruwa a cikin bututu maimakon dogaro da iskar fanka kaɗai. Tsarin iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ya riga ya haɗa ya rufe bakinsa, wanda aka fi sani da AIO, sai dai mutum ya saya ya ɗaura. Akwai kuma wanda mai kwamfuta ke sayen kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya yanka bututu, ya haɗa, ya zuba ruwa da hannunsa. Wannan muƙala ta fi mayar da hankali ne a kan na biyun, da abubuwan da ake lissafawa kafin a haɗa shi a karon farko.

Tarihi

Manyan kwamfutocin kamfanin IBM na shekarun 1960, irin su System/360 Model 91, da ruwa ake sanyaya su. A kwamfutar gida kuwa, masu son ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya saita ne suka fara abin a ƙarshen shekarun 1990, suna amfani da famfon akwatin kiwon kifi da ƙaramin lagireton hitar mota. A shekarar 2004 kamfanin Apple ya fitar da wani samfurin Power Mac G5 mai sanyaya ta ruwa, sannan a 2009 Corsair ya fitar da H50, wanda ya taimaka wajen yaɗuwar rufaffen tsarin. A yau kamfanoni irin su EKWB na ƙasar Sulobeniya, da Alphacool da Aqua Computer na Jamus, suna ƙera kayan haɗi na musamman don wannan aiki.

Yadda yake aiki

Ruwa ba ya kashe zafi, ɗaukarsa kawai yake yi daga wani wuri ya kai wani. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar kimanin jul 4.18 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas, wato kusan ninki huɗu na abin da giram ɗaya na iska ke buƙata, ga shi kuma ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Shi ya sa ɗan siririn bututu ke iya kwashe zafin da sai an hura iska mai yawa kafin a kwashe shi.

Ruwan yana fitowa daga tanki ya shiga famfo. Famfo ya tura shi cikin wani bulon ƙarfe da aka ɗaure a kan furosesa, wanda cikinsa ke da ƙananan tsagogi masu yawa don ruwan ya taɓa ƙarfen ta ko'ina. Daga nan ya wuce zuwa lagireto, inda fankoki ke hura iska ta tsakanin siraran ƙarafa, zafin ya bi iska ya fita, ruwan ya koma tanki. Ke nan a ƙarshe dai iskar ɗaki ce ke karɓar zafin. Lagireto shi ne ainihin mai sanyayawa, sauran kayan duk 'yan dako ne.

Lissafin zafi da girman lagireto

Matakin farko na shiri shi ne sanin yawan zafin da za a kwashe, kuma kusan duk wutar da sashe ya ja zafi take komawa. Misali, furosesar Intel Core i9-13900K tana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi, katin hoto na GeForce RTX 4090 kuma wat 450. Idan aka sa su a zagaye ɗaya, zafin ya haura wat 700, kwatankwacin ƙaramar hita a cikin akwati.

Ana kiran lagireto da adadin fankokin da yake ɗauka. Mai fanka ɗaya ta milimita 120 shi ne 120, mai biyu 240, mai uku 360, mai huɗu 480. Masu ɗaukar fanka ta milimita 140 kuma su ne 140 da 280 da 420. Kaurinsu ya kan kasance kusan milimita 30, 45 ko 60. Masu wannan sana'a suna da wata tsohuwar ƙa'ida ta kimantawa: gurbin fanka ɗaya ga kowane sashe da za a sanyaya, a ƙara ɗaya a kai. Ƙa'idar ta yi daidai a zamanin da sassa ba sa cin wuta sosai, amma ga kayan yanzu ta yi kaɗan. Wata da ta fi ta amfani ita ce a ware gurbin fanka ɗaya ga kowane wat 100 ko kusa da haka. A misalin da ke sama, lagireto biyu masu girman 360 su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata. Ƙaramin lagireto zai iya yin aikin, sai dai dole fankokinsa su yi gudu da ƙara, alhali rage ƙara na cikin manyan dalilan da ke sa mutane kashe kuɗi a wannan tsari.

Wani abin da sababbin shiga kan manta shi ne ruwan ba zai taɓa yin sanyi fiye da iskar ɗakin da kwamfutar take ba. Ana ganin tsari ya yi kyau idan zafin ruwansa ya ɗara na ɗaki da kamar digiri 10 yayin aiki mai nauyi. A ɗaki mai digiri 22, ruwan zai tsaya wajen 32. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska zai iya kai ruwan kusa da 50, kuma yawancin famfunan da ake amfani da su an ƙayyade musu kada ruwa ya wuce digiri 60. Don haka alƙaluman da ake gani daga masu gwaji a Turai ba su ne mai zama a irin waɗannan wurare zai samu ba, sai ya ƙara girman lagireto a lissafinsa.

Daga nan sai a duba akwatin kwamfutar. Takardar bayanin akwati na iya cewa yana ɗaukar 360 a sama, amma ba ta faɗi cewa idan aka haɗa kaurin lagireto da na fanka, wanda yawanci milimita 25 ne, za su tokari sandunan RAM ba. Awo da rula kafin a biya kuɗi ya fi dogaro da takarda.

Famfo da tanki

Famfuna biyu ne suka mamaye kasuwa, D5 da DDC, dukansu ƙirar kamfanin Laing na Jamus. D5 ya fi girma, ya fi tura ruwa mai yawa, ba shi da ƙara sosai, kuma ruwan da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi. DDC ƙarami ne, ya fi ƙarfin turawa a tsari mai matsatsi, amma yana ɗaukar zafi, don haka ya fi dacewa da ƙananan akwatuna. Yawanci ana sayar da famfo haɗe da tankinsa, kuma wannan ya fi sauƙi ga mai farawa.

Ana yawan gardama a kan jerin da ruwa zai bi: shin sai ya ratsa lagireto kafin ya shiga furosesa? Lissafi ya nuna abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Idan ruwa na gudu lita 4 a minti ɗaya yana ɗauke da zafin wat 500, bambancin wurin da ya fi zafi da wurin da ya fi sanyi a zagayen bai kai digiri 2 ba. Saboda haka a bi hanyar da bututu zai fi gajarta. Sharaɗi ɗaya ne tilas: tanki ya kasance kafin famfo kuma a samansa, domin ruwa ne man da ke sa cikin famfon ya juya lafiya, idan ya yi aiki a bushe zai lalace cikin ɗan lokaci.

Bututu, mahaɗai da ƙarfe

Bututu mai laushi, na PVC ko baƙar robar EPDM, shi ne mafi sauƙi: almakashi ya yanka, a cusa, a ɗaure. Ana rubuta girmansa da lamba biyu, faɗin ciki da na waje, kamar 10/13 ko 10/16 a milimita. Mai tauri, na PETG ko akirilik, sai an gasa shi da iska mai zafi a lanƙwasa, kuma kuskuren milimita kaɗan na iya sa a jefar da shi. Kyau kawai ya fi mai laushi, ba sanyi ba. Na PVC yana dusashewa bayan wani lokaci, EPDM kuwa ya fi daɗewa.

Kusan duk kayan suna da rami mai zare iri ɗaya da ake kira G1/4, don haka kayan kamfanoni daban-daban suna shiga juna. Abin lura shi ne bakin mahaɗin ya dace da girman bututun daidai. Kowane sashe yana buƙatar mahaɗai biyu, shiga da fita, kuma yana da kyau a tanadi wasu masu gwiwa don kwana. A sa bawul na zubar da ruwa a wurin da ya fi ƙasa; mutane da yawa ba sa tuna shi sai ranar da za su canza ruwa.

Batun ƙarfe ba a wasa da shi. Jan ƙarfe, da tagulla, da jan ƙarfen da aka shafe da nikel, suna zama lafiya a zagaye ɗaya. Amma idan aka haɗa alminiyom da jan ƙarfe a ruwa guda, alminiyom ɗin zai riƙa zagwanyewa, dattinsa ya toshe tsagogin bulo, a ƙarshe ya huje. Shi kuma bulon katin hoto ana ƙera shi ne daidai da fasalin allon wani kati takamaimai, katuna biyu masu suna ɗaya daga kamfanoni daban-daban ba lallai su karɓi bulo ɗaya ba. Cire fankar asali ta katin na iya shafar garantinsa.

Ruwan da ake zubawa

Ana amfani da ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a ƙara masa maganin hana tsiron gansakuka da na hana tsatsa, ko a sayi wanda aka riga aka haɗa. Ruwan famfo, na rijiyar burtsatse da na leda duk suna ɗauke da ma'adinan da ke daskarewa a cikin bulo. Mai neman tataccen ruwa a wajen masu batir ya tabbatar ba wanda aka gauraya da asid aka ba shi ba. Ruwa mai launi mai kauri yana da kyan gani, amma shi ya fi saurin barin laka. Sabon lagireto kuma sai an ɗauraye cikinsa sau da yawa, saboda ragowar dattin walda.

Gwajin yoyo

Ba a kunna kwamfutar kai tsaye bayan haɗawa. Ana cire duk wayoyin wuta daga babban allo da katin hoto, a bar famfo kaɗai a jone. Don na'urar ba da wuta ta tashi ba tare da allon ba, ana haɗa fil na 16 na babbar waya mai fil 24, wanda a al'ada koren waya ne, da ɗaya daga cikin baƙaƙen, ko a yi amfani da ɗan makullin da ake sayarwa don haka. A shimfiɗa farar takarda mai tsotse ruwa a ƙarƙashin kowane mahaɗi, a cika tanki, a kunna famfo na 'yan daƙiƙoƙi, a kashe kafin tankin ya ƙare, a ƙara ruwa, har zagayen ya cika. Da yawa suna barinsa yana gudu awa 24. Akwai kuma ɗan famfon hannu mai agogon awo da ke cika zagayen da iska tun kafin a zuba ruwa. Idan allurar ta sauka, akwai inda ke yoyo.

Kulawa

Ana canza ruwan duk bayan wata shida zuwa shekara ɗaya, a duba zoban roba da ke cikin mahaɗai, a kuma lura da matakin ruwa a tanki domin yana raguwa a hankali. Ƙura ita ce babbar matsalar lagireto, tana cika tsakanin siraran ƙarafansa ta hana iska wucewa. A lokacin hunturu, inda ƙura ke shiga ɗaki ko da taga a rufe, akan buƙaci a kakkaɓe ragar tace ƙura duk mako, a kuma hure lagireton da iska duk 'yan makonni.