Ko Ka San Abin da Ke Faruwa Idan Aka Haɗa Bokoloji da Bijimin Waje?

Ko ka san cewa maraƙin da aka samu tsakanin saniyar Bokoloji da bijimin Turai yakan wuce matsakaicin girman iyayensa biyu? Masana kiwo sun daɗe da gano wannan. Duk lokacin da aka haɗa jinsi biyu masu nisa da juna, haihuwar farko takan zo da wani ƙarin ƙarfi: saurin girma, ƙoshin lafiya, da yawan haihuwa ga mata. Shanunmu masu tozo da shanun Turai marasa tozo kuwa nesa suke ƙwarai, shi ya sa ƙarin ya fi fitowa fili a tsakaninsu.

Wannan magana ta shafi duk mai ɗaure sa a bayan gida, a Gidan Dahala ko wata unguwa ta Sakkwato, yana jiran Babbar Sallah. Bokoloji, wanda littattafan kiwo ke kira Gudalin Sakkwato, ba ƙaramin sa ba ne. Dubi gajerun ƙahoninsa, da faɗin ƙirjinsa, da fatar wuyan nan mai reto har kusan gwiwa. Sakakkiyar fatarsa da hasken gashinsa na cikin abin da ke sa ya jure zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Sakkwato. Yana jure kaska, yana jure doguwar tafiya, kuma idan rani ya tsananta yakan rame ya jira damina. Rauninsa shi ne jinkiri, domin yakan ɗauki shekaru kafin ya cika.

Bijimin Angus ko Simmental yana kawo abin da Bokoloji ya rasa. Ɗansa yakan cika da wuri, cinya da gadon baya su yi tsoka. Mahauci ya fi kowa ganin bambancin. San gida idan aka yanka aka feɗe, aka cire kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da ke saura bai cika wuce rabin nauyinsa ba. Shanun nama na Turai da aka ciyar da kyau sukan kai kusan kashi 60 cikin 100. Shanunmu suna tara kitse a tozo da kewayen ciki, Angus kuwa yana ratsa shi cikin tsoka zare-zare, abin da ke sa nama laushi a kan wuta. Akwai kuma wani sinadari a tsokar shanu masu tozo da ke rage laushin da nama ke yi bayan yanka. Mai balangu zai yi murna da naman ruwa biyu. Mai kilishi kuwa tsoka marar kitse yake nema, Bokoloji ya ishe shi.

Ba sabon gwaji ba ne. A Teksas ta Amurka an haɗa Brahman mai tozo da Shorthorn marar tozo aka samu Santa Gertrudis, aka amince da shi a matsayin jinsi a 1940. Brangus kashi 3 cikin 8 jinin Brahman ne, kashi 5 na Angus. A tashar binciken kiwo ta Wakwa kusa da Ngaundere a Kamaru an haɗa Brahman da Gudalin Adamawa, ɗan'uwan namu. A Shika ta Zariya ma an daɗe ana haɗa Bunaji da Friesian, ko da yake wannan don madara ne.

Inda mutane ke faɗawa asara shi ne wajen ciyarwa. Sa yakan ci busasshen abinci kimanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa kullum, wato mai kilo 300 na bukatar wajen kilo 8. Ɗan ruwa biyu kuma ba cika ciki kawai yake so ba. Jikin da ke gina tsoka da sauri yana neman harawa da kowar wake da dusa da ƙulin auduga, da gishiri da kanwa, da ruwa mai yawa, da inuwa. Idan ka ba shi karan dawa kaɗai, Bokolojin maƙwabcinka zai fi shi kyan gani, domin shi ya saba da ƙunci. Jinin Turai idan ya yi yawa, sa yakan tsaya yana haki da rana, ya rage ci, kaska ta kayar da shi. Karsana ƙarama kuma kan sha wuya wajen haifar babban maraƙi.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: ƙarin ƙarfin nan na haihuwar farko ne. Idan aka haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, kusan rabinsa yakan tafi. Ke nan kullum sai an komo ga tsantsar saniyar Bokoloji. A ganina wannan ya isa ya sa mu damu da yadda ake barin barbara ta tafi kara zube. Kafin ka biya kuɗin maraƙin ruwa biyu a kasuwar Kara ko ta Acida, ka tambayi uwarsa da ubansa, ka lissafa buhunan dusa da damman harawar da za su kai ka Sallah, sannan ka nemi shawarar likitan dabbobi.