Ungozomar Sakabal da wayar da ke aljihunta

Ƙaramar hukumar Roumbou tana cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, a bakin kwarin Tarka, inda gonakin gero ke ƙarewa, filin kiwo ya fara. Babban garinta Sakabal ne. Hausawa manoma, Fulani da Buzaye makiyaya duk suna zuwa gidan likita guda, kuma yawancin matan da ke neman tazarar haihuwa ba su da wanda za su tambaya sai ungozoma ko majon wurin.

Aikin da ke gaban waɗannan ma'aikata ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace guda a Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici, a jihar Maradi kuwa 8.4. Matan aure kashi 12 cikin ɗari kaɗai ke amfani da hanyoyin zamani a lokacin, duk da cewa gwamnati ta mayar da magungunan tazara kyauta a asibitocinta. Binciken 2021 ya nuna adadin haihuwa ya sauko zuwa 6.2.

Tun da wuri masana suka gane cewa ilimin wannan aiki bai kamata ya tsaya a ofisoshin Yamai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana riƙe da wata haɗakar ma'aikata mai suna IBP, inda likitoci da masu tsara shirye-shirye daga ƙasashe da dama ke musayar abin da ya yi aiki a wurinsu ta intanet. A watan Fabrairun 2011 kuma, ƙasashe tara masu magana da Faransanci a Yammacin Afirka, har da Nijar, suka ƙulla Haɗin Gwiwar Wagadugu. Burinsu na farko shi ne ƙara mata miliyan ɗaya masu amfani da hanyoyin zamani kafin 2015, kuma sun wuce shi. Irin wannan cuɗanya ce ta sa Makarantar Mazaje, wadda aka fara a jihar Damagaram tare da UNFPA, ta bazu zuwa wasu ƙasashen.

Amma taron bidiyo da Faransanci ko Ingilishi yana bukatar rezo mai ƙarfi da wutar lantarki, abubuwa biyu da ke wahala a karkarar Dakoro. Abin da ya fi kusa da hannun ma'aikacin ƙauye shi ne WhatsApp.

A ɗauki matar da aka sa wa ashanar tazarar haihuwa a dantse, ta dawo bayan wata biyu tana kukan zubar jini ba kan ƙa'ida ba, mijinta na tsaye a waje ransa a ɓace. Ungozomar da ba ta daɗe da fita makaranta ba tana iya cire ashanar nan take don tsoro. Idan kuwa tana cikin rukunin takwarorinta, sai ta aika saƙon murya, wata da ta shekara a aikin ta amsa mata cewa wannan sananniyar illa ce, ta faɗa mata alamomin da ke bukatar a tura mace babban asibitin Dakoro da waɗanda nasiha da magani suka wadatar. Mace guda da aka kwantar wa hankali tana da ƙawaye da kishiyoyi masu sauraron labarinta a bakin rijiya.

Haka batun ƙarewar kaya. Alƙaluman wata-wata suna shiga manhajar DHIS2 ta Jami'ar Oslo, wadda Nijar ke amfani da ita, amma saƙo guda tsakanin majo biyu yana iya sa a ɗora kwalin allura a kan babur ranar kasuwa.

Inda Roumbou ta fi bukatar wannan zumunci shi ne wajen makiyaya. Allurar Sayana Press, wadda Nijar ta fara gwadawa a 2014, tana aiki wata uku. Bafulatanar da aka yi wa ita a Sakabal tana iya kasancewa can arewa wajen Bermo idan lokacin ta biyu ya yi. Idan ma'aikatan wuraren biyu suna magana da juna, ba sai ta fara bayani daga farko a gaban baƙo ba. Tun 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koya wa mata yi wa kansu irin wannan allura.

Akwai hatsari babba: hoton shafin rajista da ya faɗa rukunin da bai dace ba zai iya tona asirin matar da mijinta bai san da zuwanta ba, a garin da kowa ya san kowa. Ya kamata hukumomin lafiya na gunduma su kafa ƙa'idar ɓoye sunaye, su sa ƙwararre guda yana tantance amsoshi, su kuma ɗauki nauyin kuɗin intanet da faifan sola na cajin waya, maimakon a bar su a kan albashin ungozoma.