Dokar Kare Haƙƙin Masu Wankin Mota a Jihar Kalifoniya

Batun da za mu duba yau shi ne yadda hukuma take kare leburan da ba shi da bakin magana. Misalinmu daga Amurka yake, wato masu wankin mota a Jihar Kalifoniya.

Yawancin waɗannan ma'aikata baƙi ne daga Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, da dama kuma ba su da takardar izinin zama. Wannan ya sa suke tsoron kai ƙara. Wasu masu wuraren wanki kan hana su lada, su bar su da tukuicin da masu mota suke bayarwa. Ga kuma sinadaran wanke ƙafafun mota, waɗanda wasunsu ke ƙona fata.

Babbar matsalar ita ce, ko da ma'aikaci ya yi nasara a shari'a, mai wurin yakan rufe, ya sake buɗewa da wani suna, bashin ya bi ruwa. Saboda haka a 2003 jihar ta kafa doka ta musamman. Dokar ta wajabta wa mai wurin wankin mota yin rajista kowace shekara a ofishin Kwamishinan Ƙwadago, ya kuma ajiye lamuni na dala 15,000 wanda za a biya ma'aikata da shi idan ya danne haƙƙinsu. Wanda ya ƙi rajista akan ci shi tarar dala 100 kowace rana, har zuwa dala 10,000. An buɗe asusu domin biyan waɗanda aka zalunta, kuma wanda ya gaji wurin, da kayan aikinsa da ma'aikatansa, yana iya gadon bashin ladan.

Da aka ga dala 15,000 ba ta isa ba, sai aka gyara dokar a 2013, lamunin ya koma dala 150,000. Amma an ɗauke wannan nauyi daga kan wanda ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago, domin a nan ma'aikata suna da mai tsaya musu.

Abin lura ga ma'aikacin gwamnati shi ne, rubuta mafi ƙarancin albashi a takarda bai wadatar ba. Sai hukuma ta san mai wurin da sunansa, ta kuma riƙe kuɗinsa a hannu tun kafin a yi ɓarna, sannan lebura yake samun guminsa.