Girman Jiki da Yawan Fata: Abin da Dabbobin Dendi Ke Koya Mana

Duk mai rai yana karɓar iska da ruwa da abinci daga waje, yana kuma fitar da zafi da ƙazanta. Wannan shige da fice ta fata ake yin sa, ko ta wani shimfiɗaɗɗen wuri a cikin jiki. Matsalar ita ce nama ya fi fata saurin ƙaruwa. Idan tsawo da faɗi da kaurin jiki suka ninka sau 2, fata za ta ninka sau 4, nama kuwa sau 8. Shi ya sa loma ke hucewa nan take, babbar malmalar tuwo kuwa ta daɗe da zafinta.

A fadamun Bengu da ke yankin Dendi, cikin gundumar Gaya ta jihar Doso, tana ba ta da huhu. Siririya ce, fatarta kullum da danshi, iska na ratsa ta kai tsaye zuwa jini. Da ta bushe, numfashi ya yanke. Fara ma ba ta da huhu: ƙananan ƙofofi ne a gefen jikinta, da siraran bututu masu kai iska ga tsoka. Wannan tsari ƙaramin jiki kaɗai yake wadatarwa.

Da jiki ya girma, fatar waje ta kasa, sai a sami wata a ciki, a nannaɗe. Jajayen zare-zaren da ke ƙarƙashin kumatun kifi aikinsu ke nan. Huhun baligin mutum na ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkunan iska, hanji na da lanƙwasa da tsiro-tsiro, zuciya kuma na tura jini ya kai wa kowane lungu rabonsa. Gaiwa ta haɗa biyu: ban da zare-zaren kifi, tana da huhu, don haka idan tafki ya ƙafe sai ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana shaƙar iska har damina ta faɗi.

Manyan dabbobi kuwa, fitar da zafi ne wahalarsu. Dorinar kogin Isa, wadda nauyinta kan haura kilo 1,500, wuni take cikin ruwa, sai dare ta fito kiwo. Giwar gandun dajin W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, faffaɗan kunnuwanta cike suke da jijiyoyin jini; tana kaɗa su, jinin ya huce ya koma jiki. Raƙumin dawan yankin Kure kuma dogon wuya da siraran ƙafafu suna taimaka masa wajen fitar da zafi.

Wannan sani yana da amfani a gida. Babban sa a watan Afrilu yana buƙatar inuwa da ruwa, kada a sa shi jan amalanke da tsakar rana. Ɗan tsako da ɗan akuya sabon haihuwa fatarsu ta yi wa namansu yawa, ɗuminsu na zurarewa, don haka a killace su da daren hunturu. Jariri ma haka yake: zafi da gudawa kan ƙarar masa da ruwan jiki cikin 'yan sa'o'i. Uwa ta ci gaba da ba shi nono, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.