Shin an yafe wa 'yan SS3 lissafi?

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa, ta sanar a watan Oktoban 2025 cewa ta sassauta sharuɗɗan shiga manyan makarantu, magana ɗaya ta fi yawo a bakin ɗalibai daga Kafin Hausa har Haɗeja: wai an soke lissafi. Wasu 'yan SS3 har sun fara sulalewa daga aji da zarar malamin lissafi ya ɗauki alli.

Ba a soke shi ba. Abin da aka cire shi ne sharaɗin samun kiredit a lissafi ga mai neman karanta fannonin fasahar harshe da al'adu, irin su Hausa, Larabci ko Tarihi. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar, ma'aikatar ta fito ta ƙara bayani: dole kowane ɗalibi ya yi rajista ya zauna jarrabawar lissafi a WAEC da NECO. Da an faɗi haka tun farko, da an huta. Amma gyara ba ya cim ma jita-jita a gudu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ajin da ake kira na "art" a sakandare ba shi ne tsangayar da aka sassauta wa a jami'a ba. Yaron da ke burin karanta Tattalin Arziki, Kimiyyar Siyasa ko Nazarin Zamantakewa yana neman fannin da har gobe ke buƙatar kiredit a lissafi, wato C6 ko sama da haka. D7 ba ta wucewa. Kamar mai kwalekwale ne a kogin Haɗeja da aka ce masa an ɗauke haraji a mashiga guda, sai ya bar kuɗinsa a gida, alhali kasuwar da ya nufa tana wata mashigar. Ko manomin fadama da ya sayar da injin ban-ruwa don ya ga hadari a gabas.

Akwai kuma batun sauya kwas. Kusan mutum miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB a shekara, guraben kuwa ba su kai ba. Wanda ya rasa zaɓinsa na farko yakan koma neman wani fanni, kuma a nan ne takarda mai F9 ke kunyata mai ita. Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a 2013, tana nan a Kafin Hausa, Jami'ar Tarayya ta Dutse ma ba nisa, amma kusanci ba ya cike gurbin kiredit.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye su tambayi ɗansu kwas ɗin da yake so tun yanzu, su je wurin malamansa a duba musu sharuɗɗan kwas ɗin a kundin JAMB, kafin a rufe rajistar WAEC.