Kwana Takwas Kacal: Yadda Baƙo Ke Neman Katin Zama a Italiya

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau Italiya za mu. Da yawa daga cikinmu, musamman masu zuwa karatu, da zarar an buga mana biza a fasfo sai mu ce shi ke nan, an gama. To a'a fa. Biza ƙofa kawai take buɗe maka. Abin da ke ba ka damar zama shi ne wani ɗan kati mai girman katin banki, wanda suke kira permesso di soggiorno, wato izinin zama. Yana ɗauke da hotonka, da zanen yatsunka, da dalilin zamanka, da ranar da zai ƙare. Duk wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ne, kuma zai wuce kwana 90 a ƙasar, dole ya nema.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Dokar shige da fice ta 1998 ta ba ka kwanakin aiki 8 ne daga ranar da ka shigo. Ka sauka a Roma ko Milan, ga gajiya, ga sanyi, ga neman ɗaki, kafin ka ankara kwanakin sun tafi. Wanda ya wuce wa'adin ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba, doka ta ba da damar a kore shi. Shawarata, ka ɗauka mako ɗaya gare ka, ka fara tun washegarin zuwanka.

Ina ake zuwa? Abin mamaki, ba ofishin 'yan sanda za ka fara zuwa ba, gidan waya za ka. Ka nemi reshen Poste Italiane mai tagar da aka rubuta Sportello Amico, ka karɓi wani babban ambulan mai ratsin rawaya. Kyauta ne. A ciki akwai fom da bayanin yadda ake cikewa. Da baƙin biro ake cikewa, da manyan baƙaƙe, kuma sunanka ya zama daidai da yadda yake a fasfo. In Muhammad ne a fasfo, kar ka rubuta Mohammed don haka ka saba. Harafi ɗaya kan jawo zirga-zirgar watanni. In yaren ya ɗaure maka kai, akwai ofisoshin da ake kira patronato, suna taimaka wa baƙi cike wannan fom ba tare da ka biya ba. Jami'o'i ma galibi suna da ofishin ɗaliban waje. Saboda haka kar wani ɗan kamasho ya tatse ka.

Me za ka saka a ambulan? Kwafi kawai, ba asalin takardu ba. Kwafin shafukan fasfo masu bayananka da biza da hatimin shigowa. In ɗalibi ne kai, takardar shiga makaranta, da inshorar lafiya, da shaidar cewa kana da kuɗin da za ka riƙe kanka. Sai kan sarki na Yuro 16, wanda ake saya a shagunan taba masu alamar babban harafin T. Kuma kar ka liƙe ambulan ɗin, a buɗe ake miƙa shi, ma'aikacin zai duba fasfonka tukuna.

Maganar kuɗi. Ban da kan sarkin, akwai Yuro 30 na gidan waya, da Yuro 30.46 na buga katin, da harajin da ya danganta da tsawon izinin: Yuro 40 in bai wuce shekara ɗaya ba, 50 in ya kai har shekara biyu. Ka ga ɗalibi mai izinin shekara zai kashe wajen Yuro 116. Ka tanade su tun daga gida, ka kuma tambayi farashin ranar, don gwamnati kan sauya shi.

To yanzu ku kasa kunne, nan ne zuciyar shirin. In ka miƙa, za a ba ka rasit da takardar da ke nuna ranar da za ka je Questura, wato hedikwatar 'yan sandan lardi, a ɗauki zanen yatsunka. Wannan rasit ɗin, har katin ya fito, shi ne shaidarka cewa zamanka na halal ne. A doka kwana 60 ya kamata a yi a gama, amma a manyan birane mutum kan yi watanni yana jira. Duk tsawon lokacin nan rasit ne ke tsaya maka in ɗan sanda ya tare ka. Ka ɗauki hotonsa a waya, ka yi kwafi, ka adana asalin kamar yadda kake adana fasfo. Lambobin da ke jikinsa kuma da su za ka riƙa duba inda aka kwana a intanet.

Ranar Questura ka je da asalin duk takardun da ka saka kwafinsu, da hotuna huɗu irin na fasfo. Ka je da wuri, layi ake yi. In katin ya fito, da kanka za ka karɓa. Kafin ka bar wurin ka duba suna da ranar haihuwa.

Wani abin da ke rikita mutane: wannan kati daban yake da carta d'identità, katin shaida da ƙaramar hukuma ke bayarwa bayan ka yi rajistar adireshinka, an kuma tabbatar a nan kake kwana. Shi wancan yana da amfani a cikin ƙasa, amma baƙo ba ya tafiya waje da shi, kuma ba ya maye gurbin izinin zama.

Abu biyu kafin mu rufe. Na farko, izinin karatu ya ba ka damar aiki awa 20 a mako, jimilla awa 1,040 a shekara. Na biyu, sabuntawa: ka nema kwana 60 kafin ya ƙare. In kana jiran sabon kati kuma tafiya gida ta taso, kana iya zuwa ka dawo da fasfo da tsohon katin da rasit, amma da sharaɗin jirginka ba zai yada zango a wata ƙasar Shengen ba. Ta Istanbul ko Addis Ababa ko Alƙahira babu matsala. Ta Faris ko Farankfot, za ka iya maƙalewa a filin jirgi. Ka duba wannan kafin ka sayi tikiti mai araha.

In kana da ɗan'uwa ko ƙawa da ke haɗa kaya zuwa Italiya, tura musu wannan rubutun tun ba su hau jirgi ba. Masu tambaya kuma su ajiye mana, za mu amsa a shiri na gaba. Sai mun haɗu, a huta lafiya.